Daren da na ɗaga fiffiken Wake-wake

Kaza ɗaya Inna ta kawo mini daga ƙauyensu da ke bayan Giwa, an ɗaure mata ƙafa da tsumma, an saka ta a kwalin da aka huhhuda. Inna surukata ce, kuma a wajenta gidan da babu kaza a tsakar gida gidan haya ne, ko da kai ka gina abinka. Ta dire kwalin a gindin darbejiyar gidanmu a Samaru ta ce, “Ga ta nan 'yar nan, sagara ce, ba ta fara ƙwai ba. Ki dai riƙa watsa mata tsaki, sauran ita za ta yi wa kanta.”

Na riƙe wannan magana da hannu biyu, domin ta yi mini daɗi. Ni malamar makaranta ce, in na fita da safe sai bayan azahar. Kiwon da ba ya son komai sai watsa tsaki, ai shi ne daidai da ni. Yara suka sa mata suna Wake-wake saboda zanen jikinta, maigida ya sayo mata jan zakara, muka gyara wani tsohon akurkin bulo da muka tarar a bayan kicin. Ta yi ƙwai goma sha biyu, ta kwanta kwana 21, ta fito da 'yan tsaki tara. Kafin shekara da rabi kaji sun haura ashirin. Kuma a duk tsawon lokacin nan, in faɗi gaskiya, ban taɓa durƙusawa na leƙa cikin akurkin da kyau ba. Hannu kawai nake zurawa in lalubo ƙwai.

Da bazara ta kama, abubuwa uku suka faru kusan tare, ban kuma haɗa su ba. Wata 'yar Wake-wake da ke kwanci ta tashi daga kan ƙwanta saura kwana biyar ko shida ta ƙyanƙyashe, ta ƙi komawa, ƙwan suka lalace. Kajin suka daina shiga akurki da magariba, sai su haye katanga da reshen darbejiya, yara na kora suna dawowa. Ni kuma duk sanda na ɗebo ƙwai sai in ji wani abu na bin hannuna har gwiwar hannu, in duba ban ga komai ba, in ce zafi ne. Da na ba Inna labari ta waya, ba ta bari na ƙarasa ba.

“Kaza ba ta ƙin ɗakinta a banza. Ki bari sai bayan isha'i, ki ɗauki tocila ki je ki kama ɗaya, ki ɗaga fiffikenta ki gani.”

Na ce, “Inna, ba ku kuka ce ita za ta yi wa kanta komai ba?”

Ta yi dariya ta ce, “A ƙauye nake nufi, inda take da daji da juji da toka. Ke da kika shafe tsakar gida da siminti, ina za ta yi birgima?”

Da dare kaza ba ta gani sosai, ba ta kuma gardama. Na sauko da Wake-wake daga katanga kamar an ɗauko ƙullin kaya, na zauna kan turmi na kwantar da ita a cinyata, babbar 'yata ta haska mini. Da na ɗaga fiffiken na buɗa gashin da yatsu, sai na ga fatar tana motsi. Ƙananan ƙwari ne launin ciyawar rani, dogaye kaɗan, suna gudun haske suna shigewa cikin gashi. Na juya ta na duba wajen da kashi ke fita, nan abin ya fi muni: a gindin kowane gashi akwai wani farin dunƙule manne kamar busasshen kunu, na kankare da farce ya ƙi fita. Ƙwan kwarkwata ne. Ƙirjinta kuwa ƙashi tsaye kamar wuƙa, gashi ne kawai ya rufa mata asiri. Na bar ta na durƙusa na haska cikin akurkin. Duk wata tsaga ta bango cike take da wasu ɗigo-ɗigo ja da ba su kai ƙwayar gero ba, wasu na tafiya. Na dangwala yatsa na murza a bango, sai ga jan layi. Jinin kajina ne. Na zauna a ƙasa na yi shiru, 'yata tana tambaya ta, “Umma, mene ne?” na kasa ba ta amsa.

Abin da na yi washegari shi ne abin da har yau ba na son tunawa. Wata maƙwabciya ta ce ai ba wani abu ba ne, fiya-fiya za a yayyafa, da shi take maganin kuɗin cizo. Na saya, na yayyafa a bango da ƙasa da yamma, da magariba muka kora kajin ciki muka rufe ƙofa don kada su fito. A lokacin akwai wata kaza mai 'yan tsaki tara 'yan sati biyu. Da asuba na buɗe, warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Manyan suka fito suna tangaɗi. 'Yan tsaki bakwai na kwance a miƙe. Ba kwarkwata ta kashe su ba, ni ce.

Ranar ce na fara zuwa shagon magungunan dabbobi, na tarar da wani likitan dabbobi mai furfura a ciki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Malama, abin da ke kashe mutum in ya sha, shi kika rufe ɗan tsako da shi a ɗaki marar taga? Allah ya taimake ki ma da manyan suka tsira.” Bai daɗe yana faɗa ba. Ya jawo takarda ya zana mini abin da ya ce in na gane shi na gane rabin kiwo: abokan gābar ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke zaune ba. Kwarkwata a jikin kaza take rayuwarta duka, tana cin ɓawon fata da gashi, don haka jikin kazar za a yi wa magani. Jajayen nan na bango da rana suna ɓoye a tsaga, da dare suke fitowa su sha jini su koma, shi ya sa in ka duba kaza da rana ba ka ganinsu, kuma ko ka wanke kazar da sabulu ba ka yi komai ba muddin ɗakin na nan yadda yake. Akwai kuma ƙuma, wadda ke kafa baki a kewayen ido da jan naman kai ta ƙi sakin wurin, ta taru baƙi ƙirin kamar an barbaɗa riɗi. Ita man shafawa mai kauri ake lafta mata ya toshe mata numfashi, a kiyaye kada ya shiga idon. Ya ba ni wata hoda da aka yi musamman don kaji, ya ce in maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma, domin hodar ba ta kashe ƙwan, sai sun ƙyanƙyashe.

Asabar ta zagayo muka tashi da aiki tun da sassafe. Muka fitar da duk abin da ke cikin akurkin, tsohuwar ciyawa da buhunan da suka ruɓe da kwandunan ƙwai, muka cinna musu wuta a waje. Kashin da ya daskare a ƙasa sai da fartanya. Na tafasa ruwa babbar tukunya biyu muka kwarara a kowace tsaga, bayan ya bushe maigida ya cike tsagogin da siminti, muka shafe bangon da farar ƙasa. Ya fasa taga biyu a sama ya sa musu ragar waya, ya gitta sanda mai santsi don su riƙa hawa su kwana, kada su kwanta kan kashinsu. Da dare muka kama su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure hancina da ɗankwali, ina barbaɗa hodar ƙarƙashin fiffike da ƙirji da gindin wutsiya, ina murzawa har ta kai fata. Kaji goma sha tara, muka kai sha ɗayan dare.

Amma abin da ya fi komai amfani bai ci mini ko sisi ba. Tsohuwar tayar mota na samu, na ajiye ta a inuwa inda ruwan sama ba ya kaiwa, na cika ta da yashi mai laushi da busasshiyar ƙasa, na zuba tokar murhu da na tankaɗe, kamar kashi ɗaya cikin uku. Ko awa ba a yi ba Wake-wake ta gano ta. Ta shiga ta tona rami da ƙafa, ta kwanta a gefe ɗaya, ta riƙa watsa ƙasar da fiffike tana shigar da ita cikin gashi, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta lumshe ido, ta goga kai da wuya a toka kamar mai jin daɗin tausa. Wanda bai sani ba sai ya ce ciwo ne ya kayar da ita. Ta fi minti ashirin a haka, sannan ta miƙe ta girgiza, ƙura ta tashi kamar an kaɗe tabarma. Daga nan ta koma gefe ta shiga gyaran gashi, tana kai baki gindin wutsiya inda wani ɗan tsiro mai fitar da maiƙo yake, ta lakato ta bi gashin ɗaya ɗaya tana shafawa. Sai a lokacin na gane maganar Inna. Kaza ta iya wankanta da shafe-shafenta, ba ta jiran kowa. Ni ce na hana ta wurin yi. Yanzu layi suke yi wa tayar nan, har da faɗa, kuma na daina zubar da toka a bola.

Wanka da ruwa kuwa ba na yi wa kaza sai dole, in kashi ya daskare mata a baya. Ruwa mai ɗumi, da tsakar rana, wurin kawai nake wankewa in goge ta da tsumma in bar ta a rana. Ɗan tsako ma yakan samu haka, kashi ya toshe masa baya har ya kasa yin wani, kuma yana kisa. Auduga da ruwan ɗumi ne maganinsa, a jiƙa a hankali, ba a fizga.

Sai ƙafar zakara. Na daɗe ina ganin ƙafafunsa sun yi kaushi, ɓawon ya ɗaɗɗaga ya yi fari kamar an shafa masa ƙullu, na ɗauka tsufa ne. Likitan ya ce wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa a ƙarƙashin ɓawon, in aka bar shi har gurgunta kaza yake yi. Sai na riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da ɗan sabulu na minti goma, in goge a hankali da tsohon buroshin haƙori, in tsane, in lafta man kaɗanya daga yatsu zuwa gwiwa, ina turawa ta ƙasa zuwa sama don ya shiga ƙarƙashin ɓawon. Duk bayan kwana uku, har wajen wata guda. Ba a ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, jini yake yi, da kansa yake zubewa. Ina cikin wannan aiki wata rana Inna ta yi sallama. Ta tsaya ta dube ni, zakara a cinya, ƙafarsa a roba, ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah. 'Yar nan, in kin gama sai a kwaɓa masa lalle.”

Fiffike kuma rigimar maƙwabta ce ta sa na koyi yanke shi, bayan wata kazata ta tsallaka katanga sau uku ta watsa wa mutane shanyar gero. Dogayen gashin bakin fiffike ake ragewa da almakashi, kamar rabinsu, kuma a fiffike ɗaya tak, don in ta tashi ta karkace ta sauko. In aka yanke biyun daidai, tashinta take yi. Ba ya yi mata zafi, kamar yanke farce ne, sai dai a duba kada a taɓa sabon gashi mai duhun gindi, wannan da jini a ciki. In ta sake gashi sai a sake yankewa.

Zuwa ƙarshen damina kajina sun yi sheƙi, ƙirji ya cika, har na fara ba wasu shawara a makaranta. Sai hunturu ya shigo. Maigida ya dawo daga kasuwa da wani zakara, ya ce ya same shi da araha, za a yanka wa baƙi ranar Juma'a. Muka sake shi cikin sauran. Arahar tana da dalili. Kwana biyu ya tsaya a lungu ya saki fukafukai kamar wanda ya yafa babbar riga, yana buɗe baki yana jan numfashi, kashinsa kore tsanwa. Muka yanka shi muka ce an huta. Kafin sati ya cika kullum da safe sai na fitar da gawa biyu ko uku. Wasu wuyansu ya murɗe, kai ya juya sama, suna zagaya wuri ɗaya. Babu abin da ban zuba a ruwansu ba: barkono, tafarnuwa, jiƙon ɓawon maɗaci da Inna ta aiko, jan kafso da kowa ke cewa shi ne magani. Cikin kaji ashirin da shida, takwas suka rage. Jan zakaran da na yi wata guda ina wa wankin ƙafa yana cikin waɗanda suka tafi. Wake-wake ta kwanta kwana huɗu, ina ɗura mata ruwa da cokali, ta tashi.

Likitan bai yi mamaki ba. Ya ce ita ce annobar da ke share kajin ƙauyuka kusan duk hunturu, masu kiwo na ce mata fakat, a littafi kuma sunanta Newcastle, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta tun wajen 1926. Ƙwayar bairos ce, kafso ba ya taɓa ta, barkono ma haka. Kazar da ta tashi, ƙarfin jikinta ne ya tashe ta, sai a ba barkono lada. Ya ce tunda mutuwar ta yi yawa haka, da na kira shi tun farko, domin murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006 a nan jihar Kaduna, kamanninta ɗaya da wannan a ido, kuma ita tana iya kama mutum. Jikina ya yi sanyi da na tuna da hannu nake kwasar gawarwakin. Ya ce a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a bola karnuka su ja su kai wa kajin wasu. Baƙuwar kaza kuma, ko kyauta ce daga uwarka, sai ta yi sati biyu a ware kafin ta haɗu da na gida.

Rigakafin shi ne abin da ya fi ba ni haushi, saboda sauƙinsa. 'Yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin irinsa, akwai wanda ake kira Lasota, akwai kuma I-2 da ya fi jure zafi, wanda aka yi don kajin karkara. Ana sayowa a cikin kula da ƙanƙara, a narka shi da ruwan da aka ba ka tare da shi, a ɗiga ɗigo ɗaya a idon kowace kaza, babba da ɗan tsako duk ɗigo ɗaya, a riƙe kan har sai ta ƙifta ya shige. Ba a yi wa marar lafiya. Ba a yi a rana. In an haɗa, a gama da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, ragowar ba ta kwana. Sai a maimaita duk wata uku zuwa huɗu, kuma ni nakan tabbata na yi ɗaya a watan Oktoba kafin iska ta juya. Matsalar guda ce: kwalbar ta kaji masu yawa ce, ni kuwa takwas gare ni. Sai na bi gidajen layinmu na ce duk mai kaza ya kama ta ya ajiye ranar Asabar da yamma. Har maƙwabciyar fiya-fiya ta kawo nata biyar.

Sauran hidimar ta kullum ba ta da yawa, sai dai ba ta son fashi. Da asuba in buɗe akurki in tsaya in ga yadda suke fitowa, domin wadda ta fito a ƙarshe tana jan ƙafa ita ce abin dubawa. In wanke kaskon ruwa, ba ƙari kawai ba, wankewa. Kaskon ƙasa ya fi roba riƙe sanyi, kuma a watan Maris da Afrilu sau uku nake canza ruwa, don kaza ba ta gumi, haki take yi, zafi kuma yana kashe ta. Ƙadangaru na shan rabonsu, albarkacin kaza. Abinci dusa ce da na ɗan jiƙa, da tsakin masara ko dawa, da ragowar tuwon da bai yi tsami ba, da ganyen zogale ko alayyafo da nake ratayawa su yi ta tsalle suna tsinka. Ɓawon ƙwai ina gasa shi in daka in zuba musu, don ƙwansu ya yi ƙwari. In na ba su ɗanye yadda yake, koya musu shan ƙwai na yi. 'Yan tsaki kuma gara nake kama musu yadda Inna ta koya mini: tsohuwar tukunya a cusa mata busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife a inda gara ke bi, washegari a juye musu. Watansu na farko a ƙarƙashin babban kwando suke yini tare da uwar, saboda shirwa. Wasu na shafa musu galura don ta kasa gane su, na gwada sau ɗaya, yara suka ji daɗi, shirwa ta ɗauki shuɗin ɗan tsako a gabanmu. Kwandon ya fi.

Shara duk Asabar. Ɗaga fiffike kuma sau biyu a wata, da dare, da tocila. Yanzu 'yata ce ke kamawa ni ina haskawa.

Da Oktoban bana ya kusa, Inna ta kira ni, ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi yara, ta tambayi makaranta, sannan ta ce, “Wannan ɗigon naki na ido, yana kaiwa ƙauye bai lalace ba?” Bara kajinta uku suka rage cikin talatin. Muka tafi ranar Asabar da kula a ƙafata cikin mota. Na zaci nata kaɗai zan yi wa. Muka tarar ta gaya wa duk matan unguwa, zaure cike da kwanduna da kaji ɗaure da tsumma, wata tsohuwa har da zabi biyu. Na zauna kan tabarma ana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, Inna na gefena tana riƙe kai tana buɗe ido da babban yatsa, tana yi wa mata tsawa su bi layi. Kwalbar ta ƙare saura kaji goma sha ɗaya, aka fara kiran magariba, masu su suka tsaya suna kallona.

Inna ta ce, “Ku mayar da su. Asabar mai zuwa za ta dawo.” Ba ta ko tambaye ni ba.